Abin da Jinin Iya Ya Riƙe

A shekarar 1957 ni ne malamin ɗakin shan magani na wani ɗan gari a ƙasar Ikara, kusa da Malikanchi, kuma a lokacin ban ga wanda ya fi ni ilimi ba daga nan har Makarfi. Ina da wandon kaki mai kari, ina da keke, ina da ma'aunin zafi da nake sakalawa a aljihun gaba don kowa ya gani. Sunana Zainulabidin, ana ce mini Malam Zainu. Kakata Iya Ummuhani ce kaɗai ba ruwanta da malantata. In muna shiri ni ne "maigidan", in na ɓata mata rai ni ne "ɗan allura".

Da farkon damina wani likita Bature ya zo daga Zariya da akwatin ƙanƙara da 'yan kwalabe arba'in. Ya ce wata sabuwar mura mai zafi ta ɓulla can Gabas, tana cin ƙasa bayan ƙasa, ba ta iso mu ba tukuna amma za ta zo. Yana son jinin mutum arba'in, daga yara har tsofaffi, tun kafin ta iso, don a aika Ikko, wato Legas, a bincika. Ban gane amfanin ɗibar jinin mai lafiya ba, amma na gyaɗa kai kamar da ni aka shirya.

Na matasa bai ba ni wahala ba. Tsofaffi ne suka ce atafau. Magana ta riga ta zaga cewa Nasara sayar da jinin suke yi, wanda duk na nufi gidansa sai a ce mini ya tafi gona, har da makaho. Kwana biyu ina yawo ban samu ko ɗaya ba, na dawo gida ina huci.

Iya ta ce, "Jinin tsofaffi suke so? Wannan da ko sauro ya daina kula shi? Kawo allurar, ɗan allura, kada ka yi mana kuka a tsakar gida."

Washegari ta zo da ƙawayenta shida, ban san da me ta tsorata su ba. Da na zo cika takardarta sai muka tsaya a kan shekaru.

"Iya, shekarunki nawa?"

"Ka tambayi wanda ya ƙirga."

"To lokacin da Nasara suka shiga Zariya fa, kina ina?"

"Ina gidanmu. Na iya daka, na iya kitso, samari sun fara tsayuwar banza a ƙofar gida."

Na rubuta saba'in da ɗaya. Na tambaye ta cututtukan da ta taɓa yi, ta ce ƙyanda, sai Marisuwa, wato babbar murar nan ta ƙarshen yaƙin Jamus na farko, wadda ta kwantar da ita kwana biyar. Sai ta ƙara, tana kallon jininta yana hawa sirinji, "Uwata kuwa tari ne ya ɗauke ta, ina 'yar shekara uku ko huɗu. Ban san fuskarta ba. Zulai sunanta, iyakar abin da na gada ke nan." Takardar ba ta da gurbin wannan, saboda haka ban rubuta ba. Na liƙa wa kwalbarta lamba talatin da ɗaya, aka tafi da ita.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki Alhaji Bobbo ya sauka daga Makka. Ɗan wan Iya ne, a hannunta ya tashi, kuma shi ne mutum na farko a garinmu da ya je ta jirgin sama. Kun san yadda ake yi. Gari ya tashi kaf, har daga Kudan an zo. Ranar ana ruwa, aka saki asabarin zaure, maza suka cika shi har ba wurin sa ƙafa, kowa ya rungumi Alhaji, kowa ya kurɓi Zamzam a ɗan ƙoƙo ɗaya da ke yawo hannu zuwa hannu. Alhaji yana tari yana cewa sanyin jirgi ne. Ni na leƙa na yi barka daga bakin ƙofa na koma aiki, ba don hikima ba, don kada a taka mini takalmi. Iya kuwa kwana uku ta yi a ɗakinsa, tana yi masa fifita, suna cin dabino a kwano ɗaya.

A rana ta uku mutane suka fara zuwa ɗakin shan magani: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, tari mai ƙona ƙirji. Likita ya riga ya ce in rubuta sunan kowa da gidansa da ranar da ya kwanta, na kuwa yi. A ƙarshen mako na zauna da littafin, na bi sunayen tun daga farko. Cikin mutum goma sha tara na farko, sha bakwai suna cikin zauren nan. Ruwan Zamzam ba shi da laifi, Allah ya kiyaye bakina. Numfashin mutum hamsin ne a ɗaki rufe, da bakin ƙoƙo ɗaya. Waɗanda suka biyo baya kuwa duk 'yan dubiya ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir: wannan ta je duba wancan ran Talata, ta kwanta ran Alhamis, maƙwabciyarta ta zo duba ta, ta kwanta ran Asabar. Wanda aka fi so a unguwa shi ya fi kayar da mutane. Ban taɓa ganin cuta da idona tana tafiya ba sai ran nan, kuma hanyar zumunci take bi, gida gida, ba ta ɓata.

Yaya za ka ce wa Musulmi kada ya duba mara lafiya? Na kai wa Liman littafin, na nuna masa layi layi. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce dubiya ba za a bar ta ba, amma ba dole sai an zauna bakin gado ba. A tsaya bayan zana a yi sallama, a yi addu'a da ƙarfi yadda mara lafiya zai ji, a ajiye abin da aka kawo a juya, lada yana nan. Aka yi shela. Na ƙara da nawa: mai tari ya rufe baki da mayafi ko rawani, a ware masa ƙoƙo da ludayi a riƙa tafasa su, a bar ƙofar ɗaki a buɗe. Mutane suka bi, kuma na ga amfaninsa, don unguwar yamma da ta fara bi da wuri ba ta kwanta kamar sauran ba. Kaina ya ƙara girma.

Yanzu in zo kan gidana. Matata Jamila tana da ciki wata bakwai, cikin farko bayan shekara huɗu muna jira. Takardar likita ta ce a fi kula da tsofaffi da masu ciki da jarirai. Jamila ba ta iya tafiya a wannan caɓi, sai na killace ta a ɗaki, na hana kowa shiga. Iya kuwa na nemo jaki na ce ta tafi Kurmin Kogi wurin gwaggona, gidan gona ne, ba kowa kusa.

Ta ce, "Ni za ka kora? Wa zai kama yarinyar nan in abu ya taso?"

Na ce, "Ni. Aikina ne, Iya. Ke in ta kama ki ba za ki tashi ba."

"Kwana uku na yi Bobbo yana tari a fuskata. Ka ji na yi atishawa?"

Wannan tambaya ce da ya kamata mai ilimi ya tsaya a kanta. Ni ban tsaya ba. Na ce sa'a ce, na ɗora ta a jaki tana zagina har ta ɓace a bayan masara.

Kwana huɗu bayan haka na dawo daga aiki da ciwon kai. Na ce gajiya ce, na shiga na duba Jamila, na taɓa goshinta, na zauna muka yi hira. Washegari ban iya ɗaga kai ba. Kwana biyu ita ma ta kwanta. Babu wanda ya shiga ɗakinta sai ni, saboda haka ba sai na duba littafi ba kafin in san wanda ya kai mata.

Maƙwabta suka zo dubiya yadda na koya musu. Su tsaya bayan zana, su ce, "Malam, ya jiki? Allah ya sauwaƙe," su ajiye kunu su tafi. Ina kwance ina jin su, ina so in yi ihu in ce wani ya shigo, amma da wane baki? Rabinsu ma a ranar suka tashi daga tasu jinyar, muryarsu a shaƙe. A rana ta huɗu ciwon ya sauka ƙirjin Jamila. Tana numfashi sama sama, leɓɓanta sun yi duhu, in ta kwanta sai ta shaƙe, in na tayar da ita ba ni da ƙarfin riƙe ta. Na ja ciki na dafa allura a risho na yi mata fanisilin, sai da na soka sau biyu kafin na dace. A makon nan aka binne wata mai ciki a unguwar kasuwa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, tsoron in rasa su biyu kuma da hannuna.

Da azahar na ji ƙarar sanda a zaure. Iya ce, a ƙasa, laka har gwiwa, zanenta ya jiƙe sharkaf. Wata mai tallan nono ta ba ta labari, ba ta ma tsaya neman jaki ba. Na rarrafa na tare ƙofar ɗaki.

"Iya, don Allah kada ki shiga."

Ta sa sanda ta ture ni gefe, ba da ƙarfi ba, don ture ni ba ya bukatar ƙarfi. "Kauce, ɗan allura. Ka yi naka, ka gani."

Ta zauna ta jingina da bango, ta jawo Jamila ta kwantar da bayanta a ƙirjinta, ta riƙe ta a zaune. Nan da nan numfashin ya ɗan sauka. Haka ta zauna kusan kwana uku, ba ta tashi sai don salla da kama ruwa. Ita ke share mata majina da gefen zanenta. Ita ke hura kunu ta ɗanɗana ta ba ta da ludayi ɗaya, in na yi magana ta ce in ji da kaina. Jamila ta juyo ta yi tari a wuyanta, a fuskarta, sau nawa ban sani ba. Ni aikina allura safe da yamma, sai ƙirga kwanaki. Na san cutar nan kamar yadda na san hanyar gidanmu: kwana biyu, in ta daɗe uku. Na ce a raina na ceci ɗaya na kashe ɗaya.

Kwana biyu suka wuce. Uku. A na shida zazzaɓin Jamila ya sauka, ta yi gumi ta jiƙa tabarma, ta ce tana jin yunwa, kuma abin da ke cikinta ya motsa har Iya ta ji a hannunta. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ina dawowa na ci gaba da ƙirga wa Iya. Kwana goma. Kullum da safe in sa mata ma'auni a baki, kullum ta ce in na ƙara za ta tauna shi. Ko atishawa ba ta yi ba.

Da na warware na koma kan littafin. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu suka kwanta a garin, bakwai suka rasu. Da farko na ce ai Marisuwa ce ta bar wa Iya kariya, sai na ga 'yan shekara arba'in da biyar da hamsin, waɗanda duk sun yi Marisuwa, sun zube kamar kowa. Waɗanda suka tsaya su ne tsofaffi tukuf, masu shekara saba'in zuwa sama. Su tara ne a garin, biyu kaɗai suka kwanta, su ma sama sama. Mutanen da na fi jin tsoro a kansu su ne suka yi ta ɗebo wa gari ruwa. Na tambayi Iya dalili, ta ce mutuwa ce ta raina su. Na rubuta wa likita duk abin da na gani, har da jakin, ban rage ba.

Jamila ta haihu da kaka, an fara yankan gero. Mace, 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu, amma da murya. Kwana huɗu da haihuwa sai ga motar likita a ƙofar gidana. Ya ce ba wurina ya zo ba, yana son ganin lamba talatin da ɗaya.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ya cire hula ya durƙusa ya gaida Iya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai sayen jinin? To ban ga ko goro ba."

Ya yi dariya, sannan ya buɗe takarda. Ya ce duk cutar da ta taɓa kama mutum ya tashi, jininsa yana ajiye makamin da ya yaƙe ta da shi, in ta dawo ya gane ta. A Ikko an haɗa ƙwayar wannan mura da jinin kowace kwalba. Na yara da matasa da magidanta talatin da uku, babu ko ɗaya da ya san ta. Cikin na tsofaffi bakwai, huɗu sun gane ta, kuma babu wanda ya kama ta da ƙarfi kamar talatin da ɗaya.

Na ce, "Amma ranka ya daɗe, jinin nan tun kafin Alhaji ya sauka na ɗebe shi. Cutar ba ta shigo ƙasar ba ma."

Ya ce, "Shi ya sa na zo da kaina." Ya ce a Turai ma an ga haka a jinin tsofaffi. Ba su tabbatar ba tukuna, amma suna zaton wannan mura, ko 'yar'uwarta ta kusa, ta taɓa zagaya duniya shekara sittin da wani abu da suka wuce, tun kafin Marisuwa da nisa. Ya juya ga Iya. "Iya, kina ƙarama sosai, kin taɓa yin tari mai tsanani?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ni ban tuna ba," ta ce. "Gwaggona ce ta faɗa mini, sau ɗaya, ranar da na ɓata mata rai. Ta ce fatake suka sauka garinmu daga arewa, gari ya kama tari. A gidanmu ni na fara. Ba na iya numfashi a kwance, sai uwata ta jingina da bango ta ɗora ni a ƙirjinta, kwana da kwanaki. Ranar da na tashi na nemi abinci, ranar ta kwanta." Ta saki bakin zanen. "Ni na ba ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na dubi ƙofar ɗakin Jamila, na tuna bangon da Iya ta jingina. Ashe ba a wurin wata ungozoma ta koyi wannan zaman ba.

Ta miƙa hannunta, ta juya shi, tana kallon jijiyar da na soka. Fata duk ta yamutse, jijiyar ta fito kore. Ta sa yatsa ta taɓa a hankali.

"Yana nan ciki? Tun daga lokacin?"

Likita ya ce, "Yana nan."

"Ikon Allah. Ni na manta, shi bai manta ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara sittin da wani abu ina cewa matar nan ta tafi ba ta bar mini ko ƙoƙo ba. Ashe da shi nake yawo. Da shi na riƙe yarinyar nan."

Na ga likita ya buɗe baki, ina jin zai gyara mata ne ya ce jikinta ne ya ƙera makamin da kansa. Sai ya rufe. Ni ma da nake ji da ilimi ban ga abin gyarawa ba, don da ba a riƙe ta a ƙirji ba, da babu jikin da zai ajiye komai. Na ji ƙanƙantar kaina da kakina da ma'aunina, a gaban tsohuwar da na ɗora a jaki.

Ranar suna na riga na yi wa mahaifiyata alkawari tun da daɗewa cewa in na samu 'ya mace sunanta zan sa, amma na je na roƙe ta, ta yafe. Iya ba ta nemi komai ba, ba ta ma sani ba. Da safe Liman ya sunkuyo, na raɗa masa, ya ɗaga murya ya ce an samu Zulai. Maroƙi ya ɗauka ya kai cikin gida.

Da na shiga, mata suna ta guɗa, Iya tana zaune a ƙofar ɗaki. Ba za ta iya kiran jaririyar da sunan ba, sunan uwa ne. Jamila ta miƙa mata jaririyar. Ta karɓa, ta matsa ta jingina da bango, ta ɗora ta a ƙirjinta na ɗan lokaci. Sannan ta ɗago ta, ta juya ta wajen haske, ta janye zanen da ya rufe mata goshi.

"Sannu da zuwa, Inna," ta ce. "Tsaya in ga fuskarki."